Wazirin Haya da Uwar Igiyar Birnin Rataye

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya raba wa bayinsa abin nema: wani ya ba shi gona, wani garke, wani maƙera, ni kuwa Sallau ɗan Tunau ya ba ni baki. Ku matso ku ji abin da bakin nan ya jawo mini a Birnin Rataye, can bayan Tekun Rairayi, inda ƙasa take ƙarewa kamar an datse ta da wuƙa.

Sana'ata wazircin haya ce. In al'amari ya cakuɗe wa sarki ko attajiri, kuma ya gaji da ganin fuskokin fadawansa, sai ya aika a kira irina. In zo da babbar riga da tulin rawani, in zauna, in yi gyaran murya, in faɗi abin da za a yi, a sallame ni. Sirrin sana'ar biyu ne. Na farko, kafin in dubi matsala sai in dubi fuskar mai matsalar, domin yawancin masu neman shawara sun riga sun yanke abin da suke so, bakin da zai faɗa musu kawai suke nema. Na biyu, in bar gari kafin shawarar ta nuna. A Birnin Madubi na ce wa sarkinsu ya yi wa kasuwa rufin tagulla don maganin rana. An ce da bazara ta zo har ƙwai yana dahuwa a faifan mai talla. Ni dai ban gani ba, lokacin ina wata ƙasa ina cin tuwon wani sarkin.

Wata shekara labari ya iske ni cewa a Birnin Rataye ana neman mai ba da shawara ruwa a jallo, kuma duk garin babu ko ɗaya. Na ce lallai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ban tsaya tambayar dalilin da ya sa gari guda ya rasa mai shawara ba, alhali ko a bakin rijiya ka tsaya za ka sami goma.

Tekun Rairayi yashi ne zalla, amma yana tashi yana faɗuwa kamar ruwa. A cikin ɓarin wani ƙaton duma ake haye shi, manyan damo suna ja. Da muka shiga, mai jirgin ya ce kowa ya kwanta ya rufe baki har mu isa. Kowa ya kwanta. Ni kuwa na ga yadda yake riƙe da linzamin bai yi mini ba, na miƙe zan gyara masa. Igiyar yashi ta farko da ta taso a bakina ta sauka. Har muka kai gaɓa ina tofar da ƙasa, mai jirgin ko kallona bai yi ba.

Birnin Rataye a jikin wani dutse yake, a tsaye cir. Gidajensa duk a rataye suke da igiyoyi, wani bisa wani, in iska ta kaɗa sai ka ga unguwa guda tana lilo, mata na daka abinsu ko a jikinsu. A ƙarƙashin garin akwai wani kwazazzabo da ba a san ƙarshensa ba, in ka jefa dutse sai dai jikanka ya saurari ƙararsa. Gonakinsu duka suna tsallaken kwazazzabon. Abin da ya haɗa su da abincinsu gada ɗaya ce ta katako, wadda ke rataye a ƙarƙashin wata igiya mai kaurin gindin kuka. Ita suke kira uwar igiya.

A ƙofar gari na tarar da wani dattijo zaune gindin wata 'yar giginya da ba ta kai ƙuguna ba. An ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin igiyar kuma yana ƙugun wani manomi da ke ba giginyar ruwa. Rigar dattijon ta koɗe, amma ɗinkinta irin namu ne na 'yan sana'a. Ya dube ni tun daga rawani har takalmi.

"Sannu da zuwa, abokin sana'a," in ji shi. "Sunana Ƙosau. Ga kyauta zan ba ka: kada ka buɗe baki a garin nan kan abin da ba ka taɓa shi da hannunka ba."

"Malam, wannan igiyar fa?"

"Ni na ce wa bawan Allahn nan ya shuka giginya. Muna jira ta yi 'ya'ya."

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. Shawarar kuwa na bar masa abarsa nan, don a ganina abin da aka ba ka kyauta a bakin ƙofa ba shi da wata daraja. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ni nawa na shafa, amma don in gyara shi kafin in shiga fada.

Abin da na fara lura da shi a garin shi ne ba mai cewa kowa "yi kaza". Na ga wani mutum gefen rigarsa ya kama wuta a wajen mai tsire, maƙwabcinsa ya matso ya ce, "Ni dai ina jin ƙauri." Na ce a raina, waɗannan bayin Allah sun daɗe suna jirana.

Wanda ya aika a nemo ni shi ne Sarkin Igiya, wani tsoho siriri mai suna Barmo, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Gadar a hannunsa take. Aka tara jama'a a dandalin da ke bakin gadar, ya miƙe ya yi bayani. Ya ce mahaifinsa ne ya tufka uwar igiyar nan da hannunsa, shi yana yaro yana miƙa masa rama. Ya ce yanzu mutane na gunaguni wai gadar ta yi ciki, ta lotsa a tsakiya, wai wani farin gari yana zuba daga sama. Ga kaka ta yi, ranar kasuwa mai zuwa za a fara kwaso amfanin gona a kan takarkarai. Ya juyo gare ni ya ce, "Waziri, a bar ta ko a yanke?"

Na dubi fuskarsa. Ko makaho ya ji yadda muryarsa ta yi laushi da ya ce "mahaifina" ya san amsar da ake so. Na ɗaga kai na hangi igiyar daga nesa, na kanne ido ɗaya, na gyaɗa kai kamar mai lissafi.

"Ranka ya daɗe, aikin mutanen da ai ba irin na yanzu ba ne. Igiyar nan sai ta ga jikokin jikokinka. A bar ta."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. Ina jiran a yi mini kabbara, sai na ji ana zagaya ƙuguna da wani abu. Wani ƙato ne da ake kira Maɗauri, ya ɗaure ni tamau da igiya mai tsawon ta guga, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugun Barmo. Sannan ya ɗaga murya ya ce mai shawara da mai karɓarta sun zama abu ɗaya har shawara ta nuna. Ranar kasuwa su za su shige gaba, takarkarai masu kaya na bin bayansu. In gada ta riƙe, a kwance su. In ba ta riƙe ba, ai ba sauran abin kwancewa.

Nan na gane abin da ya hana mutanen garin ba da shawara, na kuma gane Malam Ƙosau ba zolaya yake ba.

Na koma gidan Barmo ina biye da shi kamar akuyar da aka sayo. Tare muke ci, tare muke salla, in ɗaya zai kewaya ɗaya ya tsaya bayan zana yana kallon sama. Na gwada kwance ƙullin a ɓoye, farcena ya karye ƙullin bai motsa ba. Duk sanda na rufe ido sai in ga kwazazzabon nan. Ni da ban taɓa barin loma ba, sai ga shi tuwo ya ƙi wuce mini.

Da na ga ba sarki sai Allah, na same shi yana gyaran wata ragaya a tsakar gida, na ce, "Baba, na sake tunani. A yanke igiyar nan. Ruɓaɓɓiya ce, na tabbata."

Bai ɗago ba. Ya ce ana iya janye shawara, amma wanda ya janye sai an aske masa rabin gemu a gaban jama'a, a shafa wani magani da gashi ba zai ƙara fitowa a wurin ba. Na kama gemuna da hannu biyu. Wane sarki ne zai saurari waziri mai rabin gemu? In kuma na aske duka, wa zai saurari wanda ba shi da ko ɗaya?

Sai ya ajiye ragayar ya dube ni da wani irin raini. "Ranar da ka zo, fuskata ka duba. Yau kuma cikinka ka duba, ka ga ya ɗuri ruwa. Ita igiyar fa, yaushe za ka dube ta?"

Maganar ta soke ni, don ba wanda ya taɓa karanta ni haka. Cikin zafin rai na ce, "To tashi mu je mu dube ta."

Abin mamaki, sai tsohon ya fara kame-kame. Wai yau akwai iska. Wai gwiwarsa na ciwo. Wai ba a hawa uwar igiya da rana tsaka. Na sake duban fuskar nan da nake taƙamar na karance ta, sai na ga ashe rabi na karanta. Ƙaunar mahaifinsa tana nan, amma a ƙarƙashinta akwai tsoro, kuma ya fi nawa tsufa. Na miƙe na kama hanya. Da yake na fi shi nauyi nesa ba kusa ba, dole ya biyo ni.

Ta wani tsani muka hau bayan uwar igiya. Barmo ya ɗauko basilla mai tsawon kamu, ya soke ta a ɗamararsa, ya kama tafiya a tsaye kamar yana cikin lungun gidansu. Ni kuwa rarrafe na yi, babbar riga na harɗe ni, ina karanta duk abin da na haddace har da wanda ban haddace daidai ba. A kusa da gaɓa ya miƙo mini basillar, na soka, da ƙyar ta shiga. Na ce alhamdu lillahi, ai lafiya lau, mu koma. Ya ce igiya ba a bakinta take mutuwa ba. Faɗin haka ya fito masa ne ba da niyya ba, irin na wanda sana'a ta riga ta zama jininsa.

Da muka kai tsakiya, gari ya koma ɗan mitsitsi a bayanmu, gadar tana lilo can ƙarƙashinmu. Barmo ya tsaya ya juya mini baya. Na ɗaga basilla na soka. Ta shige har hannuna kamar na soka ta a kunu. Da na zaro, farin gari ya biyo ta, sai ga gara suna tuttuɗowa, kowace kamar babban yatsa. Fatar igiyar ce kawai ta rage, cikin duk sun cinye.

Ban gama cewa innalillahi ba, wurin da na dafa gwiwa ya burma. Na sulale ta gefen dama, na tafi.

Abin da tsohon nan ya yi, har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Bai tsaya jan igiya ba, ya san zan fizge shi. Tsalle ya yi da gangan ta gefen hagu, cikin kwazazzabon. Igiyar da ta haɗa mu ta sagale a bayan uwar igiya, muka rataye, ni nan shi can, kamar mangala a bayan jaki. Sai dai mangalar ba ta yi daidai ba. Ina yin ƙasa a hankali, shi yana yin sama, in ya kai ƙoli ya zarce duk mun tafi.

"Waziri, yar da rawanin!"

Na yar.

"Tuɓe rigar!"

Ku ji ikon Allah, ina reto a kan ramin da ba shi da ƙarshe, amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, a ganina da za a fara duba wata hanyar, don rigar nan aikin hannu ce..."

"Tuɓe, don ubanka!"

Na tuɓe. Takalma suka bi, 'yar ciki ta bi. Ya ce har yanzu akwai nauyi, me na ɓoye? Dole na zaro ƙunshin kilishi da dakuwar da na ɗaure a cinya saboda ko hanyar gudu za ta samu. Da suka tafi, muka tsaya cak.

Gadar tana gefena, amma hannuna bai kai ba. Ina ta miƙa hannu ina wutsil-wutsil, igiyarmu kuwa tana cin ruɓaɓɓiyar uwar igiya, gari na zubo mana a ka. Barmo ya ce in daina miƙa hannu. Ya ce in wurga jikina baya, wajen ramin, in bar lilo ya dawo da ni. Duk gaɓoɓina suka ce ƙarya ne, wa zai nufi gada ta hanyar guje mata? Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna kowace gardama da na yi tun daga jirgin yashi ga inda ta kawo ni. Na rufe ido na yi yadda ya ce. Na tafi, na dawo, na sake tafiya, a dawowa ta gaba ƙirjina ya bugi katakon gada na rungume shi. Da na riƙe da kyau, tsohon ya kama igiyarmu ya hau, ya tsallako uwar igiya, ya sauko gefena.

Muka zauna a tsakiyar gada muna haki, ni daga ni sai wando. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na daɗe da sani. Tun da garin nan ya fara zuba ban ƙara zuwa tsakiya ba. Na aika a nemo baƙo ne don ya yi mini ƙarya, kai kuwa ka iya."

"Baba, da mun shige gaba ranar kasuwa, wa zai biyo bayanmu?"

Ya ce, "Kowa. Har mata masu goyo, su ke kora takarkarai." Ya rufe fuska da tafin hannu. "Na ce a raina in ta tsinke ni zan fara tafiya, ba zan ga sauran ba."

Ban taɓa jin tausayin wanda ya ɗauke ni aiki ba sai ran nan. Na ce masa in an yanke, hatsin fa? Ni ban san igiya ba, shi ya sani. Ya daɗe yana kallon tsallake, sannan ya ce za a iya harba siririyar igiya da baka, a riƙa jawo hatsi kwando-kwando. Ba duka zai iso ba kafin tsuntsaye su yi rabonsu, bana za a ɗaure ciki. Sabuwar uwar igiya kuwa sai an yi damina an sake wata daminar ana tufka. Na tambaye shi ko wanda ya ba da shawarar yankewa yana nan ɗaure har a gama sabuwar. Ya ce ƙwarai.

Haka na tsaya a dandali, ba riga ba rawani, gari duk ya taru. Na ce, "Jama'a, abin da na faɗa muku ran nan ban duba ba na faɗa. Yau na duba. Igiyar nan ta mutu. Shawarata a yanke." Wanzami ya zo ya kwashe mini gemun ɓangaren hagu, ya shafa maganinsa mai raɗaɗi. Na ji yara na ƙyalƙyala dariya, ban ga laifinsu ba. Malam Ƙosau ma ya jawo manominsa sun zo kallo.

Aka kwashe katakon gadar, aka miƙa wa Barmo gatari. Ya je gindin uwar igiya, inda aka naɗe ta a jikin dutse, ya shafa wani ƙulli da tafinsa. Ya ce mini a hankali, "Wannan ni na riƙe wa mahaifina ya ɗaura. Ya ce hannuna ya yi ƙanƙanta." Ya ɗaga gatarin, ya sauke bai sara ba. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Duk dandalin ko mutum ɗaya bai ce masa "sara" ba, don a garin ba mai faɗin haka sai wanda ke ɗaure.

Ya juyo ya dube ni. "Ɗana, me ka ce?"

"A yanke, Baba."

"To kai ka faɗa. Zo ka kama mini."

Na ɗora hannuna bisa nasa a ƙotar gatarin. Muka sara tare, muka ƙara, muka ƙara. Igiyar ta yi wani nishi, ta saki dutsen, ta tafi cikin kwazazzabon tana warwarewa, farin gari na bin ta kamar hayaƙi. Barmo ya bi ta da ido har ta ɓace, ya ce, "Sai mun zo, Baba."

Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane abin da za su yi, ban taɓa tsayawa na ga inda magana take sauka a jikin mutum ba sai ran nan. Tsohon hawaye kawai ya share da gefen hannu. Ni kuwa na durƙushe a wurin, da rabin gemuna da wandona, na yi ta rusa kuka har wata baƙuwa da ta zo cin kasuwa ta matso ta dafa ni ta ce Allah ya jiƙan mahaifina.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya ji ya ƙaru, Allah ya amfana masa, wanda ya yi dariya kuma na yafe.